Kabewar Gasa Da Sammakon Shuka: Darasi Ga Manoman Katuzu Da Fadamun Gashuwa

Ranar 9 ga Oktoban 2023, a garin Half Moon Bay na jihar Kalifoniya ta Amurka, a wurin gasar manyan kabewa, aka ɗora wata kabewa a kan sikeli, ta nuna kilo 1,247. Nauyin nan ya haura na buhun hatsi 12 masu kilo ɗari-ɗari. Mai ita, Travis Gienger, malamin aikin lambu ne daga jihar Minnesota, inda sanyi ke hana shuka fiye da rabin shekara. Tun watan Afrilu ya tsirar da ƙwayar irin a cikin ɗaki, kusan wata shida kafin ranar awo.

A ƙasar Bade kabewa ba baƙuwa ba ce. A Katuzu da sauran unguwannin Gashuwa ana jefa irinta a bayan gida ko gefen gona, ta yi yaɗo ta hau danga, in kaka ta yi a tsinke ta a yi miyar taushe. Kaɗan ne ke yi mata lissafin kwanaki irin wanda ake yi wa albasa da attarugu. Wannan lissafi kuwa shi ne asirin masu gasar, kuma shi ne abin da ya fi dacewa mu ɗauka a wurinsu.

Yadda gasar ta samo asali

Asalin kabewa nahiyar Amurka ne, daga can ta bazu duniya. A 1904 wani manomin Kanada, William Warnock, ya kai kabewa mai kilo 183 baje kolin duniya da aka yi a birnin St. Louis, aka shafe shekara saba'in da 'yan kai ba a samu wadda ta fi ta ba. Sai wani ɗan Kanada, Howard Dill na garin Windsor a lardin Nova Scotia, ya duƙufa yana zaɓen iri shekara da shekaru har ya fitar da nau'in Atlantic Giant, a 1981 kuma ya auna mai kilo 224. Daga nan abin ya yi ta hawa: kilo 481 a jihar New York a 1996, kilo 911 a hannun Ron Wallace a 2012, kilo 1,190 a Beljiyam a 2016, kilo 1,226 a Italiya a 2021.

Abu biyu ne suka kawo wannan ci gaba. Na farko adana tarihin iri: kowace ƙwaya ana kiranta da nauyin kabewar da aka ciro ta da sunan manominta, an san uwarta an san ubanta. Na biyu sarrafa lokaci. Daga shuka zuwa buɗe furen da za a bari ya yi ɗa, ana cin wata biyu ko fiye. Daga nan ɗan yana buƙatar wata uku zuwa kwana ɗari yana girma. Jimilla wata biyar zuwa biyar da rabi ke nan, alhali lokacin ɗumi a ƙasashen masu gasar bai kai haka ba. Don haka manomi yakan tsaya a ranar awo ya ƙidayo kwanaki da baya har ya gano ranar da ya wajaba iri ya shiga ƙasa. In ranar ta faɗa cikin sanyi, sai ya fara a ɗaki.

Yadda suke renon iri

Ƙwayar wannan nau'i tana da kauri, saboda haka sukan goge gefenta kaɗan, ban da tsinin da saiwa ke fitowa, su jiƙa ta na 'yan sa'o'i, sannan su binne ta a babban mazubi mai ƙasa mai laushi, a ɗumin da ya kai digiri 30. Cikin kwana uku zuwa bakwai takan tsiro. Da ganyen gaskiya na farko ya bayyana, wato wanda ke biyo bayan 'yan kunnuwa biyun nan na tsiro, sai dashe, galibi cikin mako biyu. Yaɗon yakan nufi ɓangaren da ke kishiyar wannan ganye, don haka tun wurin dashe ake juya shukar ta fuskanci inda fili yake.

Sammakon ma yana da iyaka. Dangin kabewa da kankana da duma ba sa son a taɓa musu saiwa. In tsiro ya daɗe a mazubi, saiwar ta nannaɗe, ya tsumbure, to ko an dasa shi sai ya yi kwanaki yana jinya, har wanda aka shuka bayansa ya wuce shi. Wanda ya fara da wata guda gaba bai fi wanda ya fara da mako biyu riba ba, sau da yawa ma asara yake yi.

Namu abokin gabar zafi ne da ruwa

A Minnesota sanyi ake gudu. A arewacin Yobe kuwa matsala uku ce: gajeriyar damina, zafin bazara da ambaliya. Ruwa ba ya zama sosai sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kafin Satumba ta ƙare kuma ya ɗauke. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kabewa kuma in zafi ya yi tsanani lokacin fure sai ɗan ya yi rawaya ya faɗi. Fadamun da suka fi ƙarfin ƙasa, waɗanda ruwan Haɗeja da Jama'are ke malalewa a kansu kafin ya zama Kogin Yobe, suna cikin ruwa har zuwa Oktoba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Nguru, zuwan ruwa da janyewarsa sun daina bin tsarin da kakanni suka sani.

A nan ne renon iri a leda zai yi mana rana, ta hanya biyu. Mai noman damina a jigawa zai iya tsirar da iri a inuwa a farkon Yuni, yana yayyafa ruwa safe da yamma, ya dasa da zarar ƙasa ta jiƙu, sannan ya ƙarasa da ban ruwa bayan ɗaukewar damina. Mai noman rani kuwa, wanda lissafinsa ya fi kyau, zai zuba iri a leda a farkon Oktoba, gonarsa tana cikin ruwa tukuna. Kafin ƙasa ta tsane, tsiro ya isa dashe. Furen zai zo a watan Disamba cikin sanyin hunturu, ɗan ya yi girmansa a Janairu da Fabrairu, a tsinke shi a Maris kafin bazara ta kankama. Wanda ya jira sai ƙarshen Nuwamba zai tarar ƙasa ta yi sanyi, tsiro ya yi nawa, ƙarshen girman kuma ya faɗa tsakiyar zafi.

Kayan aikin duk suna kusa. Baƙar ledar renon itatuwa ta fi dacewa, domin ledar fiya-wata ta yi wa saiwar kabewa kaɗan. A huda gindinta, a cika ta da yashi da takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, a sa ƙwaya ɗaya. A ajiye inda hantsi ke taɓawa, a kare ta daga kaji da awaki. Ranar dashe a bari sai da la'asar, a yanka ledar da reza, a sauke tsiron da ƙasarsa a dunƙule.

Bayan dashe

Gindi ɗaya na kabewar gasa yana cin fili kamar mita 8 faɗi da 9 tsawo. Duk inda yaɗo ya yi gaɓa, masu gasa kan rufe wurin da ƙasa don ya fitar da sabuwar saiwa, gindi ɗaya ya riƙa sha ta wurare da dama. Furenta iri biyu ne: namiji mai siririn wuya, da tamace mai ɗan ƙulli a ƙasanta. Yakan buɗe da asuba ya rufe kafin rana ta take. Tun da yamma manomi ke ɗaure furen da zai buɗe gobe, da sassafe ya tsinko namijin ya cire masa ganyen fure, ya goga garin nan mai ruwan ɗorawa a tsakiyar tamacen, ya sake ɗaure ta don kada ƙudan zuma ya kawo garin wata kabewar. Da haka ake sanin uban iri.

In 'ya'ya sun kama, sai a zaɓi ɗaya a cire sauran. A shimfiɗa masa yashi a ƙasa, a yi masa rumfar zana ko a rufa masa farin ƙyalle, domin rana tana ƙeƙasar da bawo ya tsage. Ban ruwa ya zama daidai kullum, don ƙishi yau, ambaliya gobe, shi ke fasa kabewa, wadda ta fashe har ciki kuwa ba a karɓarta a gasa. A ganiyar girma manyan cikinsu kan ƙara kilo 15 zuwa 20 a kwana guda.

Abin da za mu iya

Da wuya a samu kabewa mai tan guda a Gashuwa. A ƙasashen da ake samunta, yinin watan Yuni yakan kai sa'a 15 zuwa 16, darensu kuma da sanyi, mu kuwa yininmu bai cika sa'a 13 ba ko a mafi tsawonsa. Ban da haka, ƙatuwar kabewar gasa ruwa ne ya yi mata yawa, ba ta da garɗin tamu a miya. Irinmu na gida ya saba da zafi da ƙasarmu, shi ya kamata a sa a gasa, a riƙa duba nauyi da kaurin tsoka da zaƙi da jure ajiya.

Gasa ba sabon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, tun 1934 ake bikin kamun kifi, ana auna kifin da ya fi girma a gaban jama'a. A ƙasar Bade ma akwai bikin kamun kifi da al'adu na Gogaram da ake yi da rani, lokacin da kabewar da aka rena a Oktoba ke gab da ƙosawa. Sikeli ɗaya da littafin rubuta sunan manomi da ranar shuka da asalin iri sun isa a fara. Cikin 'yan shekaru za a san irin wane ne ya fi, a kuma san makon da ya fi dacewa da shuka a kowace fadama.

Muna kira ga Masarautar Bade da ƙaramar hukumar Bade da sashen aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, su haɗa kai su buɗe wannan fage, su sa makarantun sakandare a ciki. Kai kuma manomin Katuzu, kada ka jira sai an kafa gasa. A bana ka ware ƙwaya goma daga kabewar da ta fi kyau a gonarka, ka rena biyar a leda, ka shuka biyar kai tsaye yadda ka saba, ka rubuta ranakun, ranar girbi ka auna ka gani.