Gargaɗi ga Malaman Jami'a: A Je a Auna Jini a Wannan Makon

Ya ku malamai maza da mata, daga Samaru zuwa Dundaye, daga Bayero zuwa Maiduguri, ina roƙonku da ku ajiye jan biro ku saurare ni. Yadda muke cin abinci a 'yan shekarun nan yana tura mu ga hawan jini, ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, kuma da yawanmu ba mu taɓa zuwa an auna mu ba.

Na san yadda ranarku take tafiya, domin ni ma a cikinta nake. A fito da sassafe, a sauke yara a makaranta, a shiga laccar ƙarfe takwas ba tare da an karya ba. Wajen azahar ciki ya fara ƙugi, sai a aiki masinja ya sayo lemon kwalba mai sanyi da fanke biyu a leda. A ture takardun jarrabawa gefe, a ci a gurguje, a goge hannu da tsohuwar takarda, a wuce taron sashe. Abincin kirki sai bayan isha'i: malmalar tuwo uku ko tulin shinkafa da mai da yaji, sannan a koma gaban kwamfuta da kofin shayi mai zaƙi har tsakar dare. Kwalbar lemon nan ta rabin lita kaɗai tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, daidai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum a yini guda.

Ban ɗora laifin a kan kwaɗayi ba. A shekarar 2022 an yi wata takwas ana yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashi, mutane suka ci bashi. Kafin a farfaɗo sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, Naira ta faɗi, a tsakiyar 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Idan kuɗin cefane ya gaza, nama ne ke fara barin tukunya, sai kifi da ƙwai su bi shi, kankana da lemu su zama abin marmari. Abin da ke saura shi ne garin masara, taliya, burodi, mai da magi. Ciki yana cika, jiki kuwa yana cikin yunwa. Shi ya sa za ka ga ofis ɗaya da malamai biyu, ɗaya tumbinsa ya hana shi sunkuyawa ya ɗaure takalmi, ɗayan kuma babbar rigarsa sai lilo take yi a kafaɗa domin yana barin rabonsa ga yara. Matsalarsu ɗaya ce. Kuma kowannensu ya yi gum, saboda wanda dangi ke kira Dakta ko Farfesa, ake zuwa ƙofarsa da buƙata kowane ƙarshen wata, yana jin nauyin ya ce gidansa ba wadata.

Mu daina yi wa mai teɓa barka da cewa hutu ya zauna masa. Kitsen ciki shi ne mafi haɗari. A samu awon tela a zagaya ƙugu daidai cibiya: idan na namiji ya kai santimita 102, ko na mace ya kai 88, akwai babbar barazana.

A wannan makon, kowa ya je asibitin jami'arsa. A auna hawan jini. Idan yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, a ga likita, kada a ce ai gajiya ce. A je da safe kafin a ci komai a gwada sukari. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari da dare, kada ya ɗauka tsadar rayuwa ce kawai ta zuge shi, domin waɗannan alamun ciwon sukari ne.

Gyaran cimar ba sai da kuɗi mai yawa ba. A karya da safe, ko da koko da ƙosai ne. A zo ofis da abinci daga gida a kula: wake, ɗan wake, kwaɗon zogale ko na rama, awara, dafaffiyar gyaɗa, yalo. A maye gurbin lemo da ruwa, ko zoɓo da kunun aya marasa sukari sosai. A rage malmalar dare, a ci ta da wuri. Gishirin yini kada ya wuce giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma a tuna dunƙulen magi ma gishiri ne. Daddawa tana nan a madadin magi. A taka da ƙafa daga sashe zuwa ɗakin karatu ko masallaci, har a haɗa minti 150 a mako.

Shugabannin jami'o'i da rassan ƙungiya su ma da nasu aikin. Kofaretib ta sayi gero, dawa da wake da kaka ta raba wa mambobi a biya kaɗan-kaɗan. A riƙa kawo ma'aikatan lafiya suna awo a ƙofar zauren taro, a kuma daina raba lemon kwalba a kowane zama.

Idan abokin aiki ya tashi bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe masa, kada a kwantar da shi a ofis ana yi masa fifita, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A sa shi a mota nan take zuwa babban asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa likita daidai lokacin da abin ya fara.