Madubin Zafi Da Harbin Aladun Daji A Gonakin Teksas

Duk manomin da ya taɓa kwana a gona yana gadin gyaɗa ko rogo saboda beguwa da gafiya ya san ɓarnar dare ta fi ta rana ciwo, gama ba a ganin mai yin ta. Manoman Amurka ma suna fama da irin wannan wahala, tasu kuwa ta fi girma, domin maɓarnacinsu aladen daji ne. Cikin 'yan shekarun nan da yawansu sun koma ga wata na'ura da a ke ɗaura wa bindiga, wadda ke nuna dabba cikin duhu saboda zafin jikinta. A nan za a kira ta madubin zafi. Ga bayanin yadda ta ke aiki, da abin da mai hankali ke dubawa kafin ya zuba kuɗinsa.

Asalin Annobar

Da can babu alade a Amurka. A shekarar 1539 wani shugaban mayaƙa mutumin Sifen, Hernando de Soto, ya sauka Filorida da aladun gida. Daga baya baƙi suka yi ta kawo waɗansu, suna sakinsu su yi kiwo, waɗansu suka ɓata suka zama na daji. A 1912 kuma aka kai aladun dajin Turai jihar Karolina ta Arewa domin farauta, su ma suka tsere suka yi barbara da na da. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta ƙiyasta yawansu ya wuce miliyan 6, a jihohi kamar 35, hasarar da su ke jawowa kuwa ba ta kasa dala miliyan 1,500 a shekara ba.

Jihar Teksas ita ta fi shan wuya. A 2012 malaman Jami'ar A&M ta Teksas sun ƙiyasta akwai kamar miliyan 2 da dubu 600 a jihar. Suka ce kuma sai an kashe biyu cikin uku kowace shekara kafin yawansu ya tsaya wuri guda. Dalili shi ne haihuwa. Macen ta kan ɗauki ciki tun tana 'yar wata 6 zuwa 8, cikin ya yi wata uku da sati uku da kwana uku, ta haifi 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci sau biyu a shekara. Su kan bi kunyar masara da aka shuka su tone iri ɗaya ɗaya, su tumɓuke gyaɗa, su kwantar da dawa da alkama. Da ya ke alade ba ya yin gumin da zai sanyaya masa jiki, da rana sai ya laɓe a kurmi ko taɓo, dare ya yi ya fito. Tun daga 1 ga Satumba, 2019, dokar Teksas ta yarda mutum ya harbe su a gonar wani ba tare da lasin farauta ba, muddin mai gona ya yarda.

Yadda Madubin Ke Gani

Kowane abu yana fid da wani irin haske da ido ba ya gani, gwargwadon zafinsa. Wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a 1800. Madubin zafi shi ya ke kamawa. A bakinsa akwai ƙwayar ido mai tattara hasken, ba ta gilashi ba ce, gama gilashi yana tare shi. Da wani ma'adini mai tsada a ke yin ta, sunansa jamaniyam. Bayanta akwai wani ɗan faranti da bai kai farce girma ba, an jera masa ɗige-ɗige dubbai, kowane ɗigo yana auna zafin da ya faɗo a kansa. Sa'an nan na'urar ta mai da awon ya zama hoto a wani ɗan allo da maharbi ke leƙawa. Abu mai ɗumi ya fito fari, mai sanyi ya fito baƙi, ko kuwa a juya in an so.

Kada a haɗa shi da madubin dare mai koren hoto. Wancan yana ƙara ƙarfin hasken wata da taurari ne, wannan kuwa ba ruwansa da wata. Amma fa zafi kaɗai ya ke nunawa. Ba ya nuna launin gashi, ba ya nuna tambarin da mai shanu ya yi wa maraƙinsa.

Gani Dabam, Ganewa Dabam

A nan masu saye da yawa su ke ruɗuwa. A jikin kwali a kan rubuta cewa madubi yana hangen abu daga yadi 1,500 ko fiye. Gaskiya ne, amma abin da zai nuna a wannan nisa ɗan farin tabo ne kawai. Tun 1958 wani injiniyan sojan Amurka, John Johnson, ya auna wannan al'amari. Ya ce in abu ya cika kamar ɗigo 2, sai a san da wani abu a wurin. In ya cika 8, a san irinsa. Sai ya cika kamar 13 kafin a tabbata ko mene ne. Ko a hakan ma, rabin lokaci ne mai dubawa ke dacewa.

Ga lissafi. A ɗauki madubi mai ƙwayar ido ta milimita 35, wanda tazarar ɗigonsa maikiron 12 ce, watau kashi 12 cikin dubu na milimita. A yadi 100 kowane ɗigo yana rufe inci ɗaya da ɗan kai. Aladen da tsayinsa daga ƙasa zuwa doro ya kai ƙafa 2 da rabi zai cika ɗigo 24. A yadi 200 ya cika 12, a yadi 300 ya cika 8, a yadi 1,000 kuwa da ƙyar ya wuce 2. Ashe madubin da ke hange daga yadi 1,000 ba ya ba da tabbaci sai an matso ƙasa da yadi 200. Maraƙi a kwance, da kare, da mutumin da ya sunkuya yana gyaran shinge, daga nesa duk farin tabo ne iri ɗaya. Saboda haka nisan ganewa shi ne abin tambaya a kanti. Gwanayen maharba kuwa su kan bi ta inda iska ba za ta kai wa alade warinsu ba, gama hancinsa ya fi idonsa, su lallaɓa har kamar yadi 50 zuwa 100.

Abubuwan Dubawa

Na farko, yawan ɗige-ɗige. Kamar saƙa ne, yadin da zarensa ya fi yawa ya fi kyau. Iri uku sun fi yawa a kasuwa. Akwai mai 256 sau 192, watau ɗigo 49,152. Akwai mai 384 sau 288, watau 110,592. Akwai mai 640 sau 480, watau 307,200. Na farkon na kusa ne ƙwarai, kamar kashe ɓeraye a bakin rumbu. Na biyu ya ishi matsakaiciyar gona. Na ukun ya fi, kuɗinsa kuma ya fi.

Na biyu, ƙwayar ido. Mai babbar lamba tana jawo abu kusa amma tana ƙuntata fili. Madubi mai 384 da tazarar maikiron 12, in ƙwayar idonsa ta milimita 25 ce, yana nuna faɗin yadi 18 a nisan yadi 100. In ta 35 ce, yadi 13. In ta 50 ce, yadi 9 kaɗai. Mai 640 da ta 35 kuwa yana nuna yadi 22. Aladu garke su ke tafiya, da jin ƙarar bindiga sai su watse, don haka mai gona kusa da kurmi ya fi bukatar faɗi. Mai fili fetal shi ke bukatar jawowa. Akwai maɓallin ƙara girman hoto ninki biyu ko huɗu, amma ɗigon nan dai ya ke kumburawa, ba ya ƙara ko guda.

Na uku, kaifin jin zafi. A kan rubuta lamba tare da haruffan mK, watau kashi ɗaya cikin dubu na digiri. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau, mai 25 ya fi mai 50. Amfaninta ya kan fito daren da aka yi ruwa ko hazo, sa'ad da ƙasa da ciyawa da itace duk su ke da sanyi ɗaya, hoto ya dushe. Bayan yini mai zafi kuma duwatsu da kututture su kan riƙe ɗumi har su yi kama da dabba a kwance.

Na huɗu, saurin hoto. Wanda ke sabunta hoto sau 50 ko 60 a daƙiƙa shi ke bin dabba mai gudu sumul. Mai sau 9 tsalle-tsalle ya ke yi. Yawancinsu kuma su kan daskare na ɗan ƙiftawar ido lokaci lokaci suna daidaita kansu, gara a zaɓi wanda maharbi zai iya sa shi ya yi haka lokacin da ya ga dama.

Na biyar, batir da ƙwari. Wanda a ke cire batirinsa a sa wani cikin duhu ya fi wanda nasa ke liƙe, sanyi kuma yana rage ƙarfin batir. A tambaya ko madubin yana jure naushin irin bindigar da za a ɗaura masa, ko ruwa yana shigarsa, da shekara nawa kamfanin ya ɗauki alkawarin gyara. In da hali a sami mai awon nisa, domin cikin hoton zafi ƙaramin alade a kusa da babba a nesa kusan ɗaya su ke.

Kuɗin ya kan fara daga wajen dala 1,000 ya wuce 5,000. Kamfanonin da aka sani sun haɗa da Pulsar da ATN da AGM da Trijicon. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta maye gurbin lissafin girman gona. Wanda ke da dala 3,000, ya fi masa ya raba ta biyu, ya sayi matsakaicin madubin bindiga da ƙaramin na hannu. Da na hannun a ke bincika fili. Wanda ke bincike da na bindiga kuwa, duk abin da ya duba ya auna shi da bakin bindiga ke nan, ko saniya ce ko maƙwabci.

Doka Da Iyakar Bindiga

Ko a Amurka doka ba ɗaya ba ce. Teksas ta yarda da harbin alade da dare, amma ta hana harbin barewa da dare. Kaliforniya ta hana farauta da madubin dare a kan bindiga. Fitar da irin waɗannan madubai daga Amurka kuma sai da izinin gwamnati. A Nijeriya, dokar bindigogi ta 1959 ba ta yarda kowa ya riƙe bindiga ba sai da lasin, farauta a gandun dajin gwamnati kuwa laifi ne. Wanda ya yi sha'awar ko da na hannu ne domin gadin garke, ya fara tambayar hukuma.

Har wa yau, malaman gona na can suna gargaɗi cewa bindiga kaɗai ba ta gama da aladu. Maharbi ya kashe biyu ko uku, sauran su gudu su ƙara wayo. Abin da ya fi rage su shi ne babban tarko mai kamar shingen shanu. A yi ta zuba masara kwana da kwanaki har garken duka ya saba shiga, sa'an nan a saki ƙofa. Madubin zafi aikinsa tsare shuka a kwanakin da ta fi rauni, da bin waɗanda suka ƙi tarko.

Mai saye dai ya fara auna gonarsa, ya san nisan da zai yi harbi, sa'an nan ya zaɓi madubin da zai rarrabe masa alade da maraƙi a wannan nisa. Ya kuma san abin da ke bayan dabbar, ko gida ne ko hanya, gama harsashi ya kan wuce. In ya yi shakkar abin da ya gani, ya sauke bindiga. Masarar da alade ya ci a kan sake shuka ta, amma ran da aka ɗauke bisa kuskure ba shi da mayarwa.