Shaidu Biyu a Kan Wasa Ɗaya: Haɗa Ɗaukar Tebur da ta 'Yan Kallo

Duk inda mawaƙa suka yi wasa a babban zaure, hanyoyi biyu ne ake bi a ɗauki sautinsu. Ta farko ita ce a jona rikoda da teburin haɗa sauti, watau na'urar nan da wayoyin makirufo duka ke taruwa a cikinta kafin injiniya ya tura sautin zuwa lasifika. Ta biyu kuwa, mutum ne zai tsaya cikin 'yan kallo ya ɗaga makirufonsa, ya kama abin da kunne ke ji a wurin.

Kowace daga cikinsu tana da nata aibu. Ɗaukar tebur takan fito da murya tangaran, amma a bushe, babu amon zaure, tafin jama'a ma sai a jiyo shi can nesa. Bugu da ƙari, injiniya zaure yake yi wa aiki. Kayan kiɗan da ke da ƙarfi da kansu, kamar ganguna, ba ya ƙara musu ƙarfi sosai, saboda haka sukan dushe a cikin tef. Ɗaukar 'yan kallo kuwa tana da rai, sai dai muryar mawaƙi takan yi nisa, hirar maƙwabci kuma ta shige gaba.

Babu inda wannan al'amari ya bunƙasa kamar wajen masoyan Grateful Dead, ƙungiyar mawaƙan Amurka wadda aka kafa a Kalifoniya a 1965, ta watse a 1995 bayan rasuwar Jerry Garcia. Sun yi wasa fiye da sau 2,000, kuma sukan sauya salon waƙa daga wannan dare zuwa wancan, don haka kowane dare yake da tasa daraja. A 1984 ƙungiyar ta ware wa masu ɗauka wuri a cikin zaure. Alal misali, wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayu, 1977 yana da ɗaukar tebur ta Betty Cantor-Jackson, yana kuma da ta 'yan kallo, masoya kuwa sun haɗa su.

To, haɗawar tana da wuya, kuma babbar matsalar ita ce lokaci. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya cikin iska, alhali a cikin waya kusan nan take yake isa. Ashe wanda ya tsaya mita 34 daga lasifika, ɗaukarsa ta makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan. In an haɗa su haka, sai kowane bugu ya fito biyu. In kuma an daidaita amma da ɗan saura, sai wasu sassan sautin su kashe juna, a ji kiɗan siriri kamar daga cikin bututu. Har ila yau, rikodojin kaset ba sa gudu daidai da juna, shi ya sa ake yanka ɗaukar gunduwa-gunduwa a kwamfuta, ana gyara kowace.

Bayan wannan sai a zo ga hukunci: nawa za a ɗiba daga tebur, nawa daga jama'a? Nan babu ma'auni sai kunnen mai haɗawa. Aikinsa ya yi kama da na malamin da ya sami kwafi biyu na littafi ɗaya, yana cike giɓin wannan da wancan.

Mai nazarin waƙar baka ya san muhimmancin wannan, domin guɗa da kirari da shewar taro sukan sa mawaƙi ya canja ɗan waƙa nan take, wanda bai ji taron ba kuwa ba zai gane dalili ba. Amma wajibi ne mai haɗawa ya bayyana yadda ya yi, ya kuma adana tushen biyu yadda suke, domin na baya su iya binciken hukuncinsa.