Don mi Kiristoci ke waƙa ran Lahadi?

Duk wanda ke zaune kusa da majami'a, ko a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, ya san safiyar Lahadi. Tun daga nesa ana jin ganga da tafi da muryar mata. Baƙo sai ya ce biki ake. To, ba biki ba ne. Kiristoci ne ke sujada, wato ibadarsu, kuma waƙa tana cikin ibadar.

Abin ya daɗe. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai littafi guda wanda duk waƙoƙi ne, shi ne Zabura. Waƙoƙi 150 ke ciki, da yawansu na Dauda ne. Dauda makiyayi ne tun yana yaro, kuma ya iya kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya, kamar garaya. Zabura ta ƙarshe ma ta lissafa kayan kiɗan da za a yabi Allah da su, har da ƙaho da sarewa. Amma ba dukan Zabura ke ta murna ba. Akwai ta mai ciwo, akwai ta wanda maƙiya sunka kewaye, akwai ta mai neman gafara. Shi ya sa ko wurin jana'iza Kiristoci suna waƙa. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce an doki Bulus da Sila, anka sa su kurkuku a garin Filibi, amma da tsakad dare suna addu'a suna waƙar yabon Allah, sauran ƴan kaso suna saurare.

A ƙasarmu fa, yaya anka fara? Turawan mishan na SIM sun zauna Damagaram a 1924. Daga baya sunka buɗe wuri a Tsibiri kusa da Maraɗi, da asibitin Galmi a 1950. Sun zo da waƙoƙin ƙasarsu, anka juya su da Hausa. Ana samunsu cikin Littafin Waƙoƙi, wanda har yau ake amfani da shi. Kalmomin na Hausa ne, amma muryar ta Turawa ce. Nan akwai ƴar wahala. Hausa tana da hawa da sauka na murya. Ka faɗi "kuka" na yaro, ka kuma faɗi "kuka" ta miya, za ka ji bambanci. In muryar waƙa ta hau inda kalma ke sauka, sai kalmar ta fito a karkace.

Ganga kuwa, da yawa cikin Turawan nan na farko ba su yarda ta shiga majami'a ba. Har tsofaffin Kiristoci na gida waɗansu sun ƙi ta. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Mutumin da ya bar bori ya san da kiɗa ake kiran iskoki. Ya kuma san maroƙi yana wasa sarki ne don a ba shi kyauta. Sai ya ji tsoro kada yabon Allah ya gauraya da waɗannan. Waɗansu kuma sunka ce: ai ganga itace ce da fata, ba ta da addini. Abin dubawa shi ne wa ake yabo, kuma da wace zuciya. Sannu a hankali, da majami'u sunka koma hannun ƴan ƙasa, ganga ta samu shiga.

Mata sun yi babban aiki cikin wannan al'amari. A ƙungiyarsu ta zumuntar mata, su da kansu suke tsara waƙa. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su yi amshi, kamar yadda ake yi wurin daka. Sau da yawa aya ce ta Littafi Mai Tsarki suke sa wa murya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba sai ka ji ta hardace ayoyi, tana rera su a gona ko a bakin rijiya, jikokinta suna ɗauka.

Yanzu samari sun kawo gita da piyano da lasifika. Tsofaffi suna cewa ƙara ta yi yawa, ba a jin kalmomi. A ganina suna da gaskiya, don in kiɗa ya rufe magana, mai saurare ba zai san abin da ake faɗa wa Allah ba. Ga kuma maƙwabta, watakila akwai marar lafiya a gidansu.

Mai koyon karatu yana da riba cikin littafin waƙa. Kowace waƙa tana da lamba. Mai bi da sujada ya faɗi lamba, kowa ya buɗe ya nema. Tunda ya riga ya san waƙar da ka, sai ya sa yatsa bisa layi, yana rerawa yana ganin yadda anka rubuta kowace kalma.