Super Glue ba ya ɗaure cikon haƙori

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na Mubi, daga na 'yan kasuwa har na matan unguwa a Shuware da Lokuwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba balle sana'arsa, amma ya zage yana ba da fatawa: wai tsutsa ce ke cin haƙori, wai baƙin ciko guba ne a je a ƙwaƙule shi, wai kuma gam ɗin da likita ke manna farin ciko da shi Super Glue ne aka sauya wa kwalba, don haka wanda cikonsa ya faɗi ya sayo a shago ya ɗiga a kogon.

Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale su fitar da tsami mai narkar da haƙori. Baƙin ciko kuwa, gaskiya ne kusan rabinsa makuri ne, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi ƙasashe su rage amfani da shi. Amma cikon da yake zaune lafiya a bar shi, domin fasa shi ne ke tayar da tururin makurin.

Maganar gam ɗin ce ke iya kai mutum gadon asibiti. Ba na ganin laifin wanda turmin haƙorinsa ya hana shi barci, aljihu ba nauyi, ga kuɗin mota idan aka ce sai Yola. Laifin na wanda ya ɗauki waya ya faɗi abin da bai sani ba ne.

Manna farin ciko aiki ne mai matakai. Tun 1955 Michael Buonocore ya nuna a Amurka cewa idan aka shafa wa haƙori asid, fuskarsa takan yi kaushi har roba ta kama ta, kamar yadda magini ke sassaƙa bango mai santsi kafin ya yi masa filasta. A yau likita kan shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari na 'yan daƙiƙoƙi, ya wanke, ya shafa ruwan gam, ya haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. A farin ɓawon haƙori na waje, wanda kusan kashi 96 cikin ɗarinsa ma'adini ne, kamun yana da ƙarfi kuma yana daɗewa. Sashen ciki kuwa akwai danshi, kamun ya fi wuya, kuma yakan yi rauni da shekaru. Yawu ko jini ya taɓa wurin ana cikin aiki, kamun ya ragu. Shi ya sa za ka ga likita yana ta cusa auduga yana zuƙe yawu.

Akwai kuma wani ciko, gilas ayonoma, da aka fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1970. Shi yana kama haƙori da kansa, yana jure ɗan danshi, yana sakin fuloraid, har an yi amfani da shi a Tanzaniya a wuraren da babu lantarki. Sai dai bai kai farin cikon roba jure tauna ba. To, eh, ciko yana faɗuwa, kuma wani ya fi wani ƙarko. Iyakar gaskiyar saƙon ke nan.

Super Glue ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da ya taɓa yawu sai ya daskare a sama, bai shiga haƙorin ba, kuma danshin baki yana rugurguza shi a hankali. Yana iya ƙona dasashi, ya manne leɓe. Mafi muni, sau da yawa sabuwar ruɓa ce a ƙarƙashi ta kayar da cikon. Likita sai ya kankare ta kafin ya cike. Mai ɗiga gam kuwa rufe ta yake yi, ta ci gaba da ci har ta kai jijiya. Daga nan sai mugunya da kumburin muƙamuƙi, kuma irin wannan kumburin idan ya gangara ƙarƙashin harshe yana iya toshe numfashi.

Idan cikonka ya faɗi, ka kurkure da ruwan ɗumi mai gishiri, ka daina tauna goro ko rake a ɓangaren, ka nemi likitan haƙori cikin 'yan kwanaki ko da ba ya ciwo. In kuwa fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiye yawu ya yi wuya, a tafi asibiti a ranar. Wanda saƙon nan ya iso wayarsa, don Allah kada ya tura gaba.