Binciken Fayilolin Manazarta ta Layin Umarni

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tsara manhaja ya san cewa tattara manazarta na cin lokaci kusan kamar rubuta manhajar kanta. Idan jerin littattafai da maƙalu ya kai ɗaruruwa, gano ko an riga an shigar da wani littafi ko ba a shigar ba yakan zama aiki. A nan za mu yi bayanin wata hanya mai sauƙi ta yin wannan bincike.

Tsarin BibTeX, wanda Oren Patashnik da Leslie Lamport suka samar a 1985, yana adana manazarta a cikin fayil na rubutu tsantsa mai ƙarewa da .bib. Kowace shigarwa tana farawa da alamar @, sai nau'in aikin, sai wata gajeriyar laƙabi da ake kiranta da ita, misali @book{bargery1934 ga ƙamusun Bargery na 1934. Daga nan marubuci da sunan littafi da shekara kowanne yakan hau layinsa. Da yake rubutu ne tsantsa, ba a buƙatar wata babbar manhajar kwamfuta kafin a bincike shi. Umarnin grep, wanda Ken Thompson ya rubuta wa tsarin Unix a 1973, ya wadatar.

Idan muka rubuta grep -i "imam" manazarta.bib, kwamfuta za ta fito da kowane layi mai ɗauke da wannan suna, ko da babban baƙi aka rubuta shi ko da ƙarami. Sai dai grep layi-layi yake duba fayil, ita kuwa shigarwa ta ratsa layuka da dama. Saboda haka za mu ga sunan Abubakar Imam, amma ba za mu san ko Ruwan Bagaja ake nufi ko Magana Jari Ce ba. Ƙara -A 6 yana sa a nuno layuka shida da ke biye, -B 2 kuma biyu da suka gabata. Umarnin grep -c "^@" manazarta.bib yana ƙidaya layukan da suka fara da @, wato kimanin yawan shigarwar da ke cikin fayil.

Inda matsala ta fi shafar mu ita ce baƙaƙe masu lanƙwasa. Sunan Abdulƙadir Ɗangambo za a iya samun sa a fayil guda da siga uku: Ɗangambo, Dangambo, da kuma 'Dangambo, gwargwadon keken rubutu ko kwamfutar da aka fara buga shi da ita. A wajen grep kuwa Ɗ da D baƙaƙe ne daban, ba ruwansa da cewa mutum ɗaya ake nufi. Wanda ya nemi siga ɗaya ya ga babu, sai ya sake shigar da littafin, daga baya ya fito sau biyu a jerin littattafan da aka amince wa makarantu, ko kuma a zaci ba a sa shi ba sam. Dabarar da muka ga ta fi sauƙi ita ce a bar baƙin farko, a nemi "angambo" kawai. Haka ake yi wa kalmomi irin su ƙamus. Akwai kuma buƙatar a adana fayil da tsarin UTF-8, domin tsofaffin fayilolin da aka buga da zubin baƙaƙe na musamman sukan ɓoye ƙ da ɗ a ƙarƙashin wasu alamomi daban, waɗanda binciken ba zai kama ba.

Don gano maimaici, muna haɗa umarni uku: grep "^@" manazarta.bib | sort | uniq -d. Wannan zai nuna layukan farko da suka zo iri ɗaya sak. Ba zai kama littafin da mutum biyu suka ba laƙabi daban ba, shi ya sa muke ba da shawarar kwamiti ya tsayar da ƙa'ida tun farkon zama: sunan marubuci da ƙananan baƙaƙe marasa lanƙwasa, sai shekara, kamar newman2000 ko galadanci1976.