Hanyar Gumel Zuwa Maigatari: A Buɗe Takardu Kafin A Zuba Kwalta

Duk ranar Alhamis, manyan motoci maƙare da shanu da tumaki kan taso daga kasuwar Maigatari, su ratsa Gumel su nufi Kano da Kudu. Irin wannan hanya ce kamfanoni ke kwaɗayin karɓa daga hannun gwamnati, su gina da kuɗinsu, sannan su kafa shingen karɓar kuɗin wucewa na shekaru masu yawa. Tsarin ya riga ya taɓo Jigawa, domin titin Kano zuwa Shuwarin na cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta amince a 2023 a miƙa wa 'yan kasuwa.

Wasu na kukan cewa dokokin fayyace kwangila suna jan ƙafar aiki. Da ƙanshin gaskiya a maganarsu. Dokar 2005 da ta kafa hukumar ICRC, mai sa ido kan irin wannan yarjejeniya, ta wajabta tallata aiki a jaridu da buɗe takara tsakanin kamfanoni, wannan kuwa yana cin watanni. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya.

To amma mu duba abin da rufa-rufa ke jawowa. A Legas, an ba kamfani titin Lekki zuwa Epe a 2006 na shekara 30, jama'a ba su ga abin da aka ƙulla ba. Da aka fara karɓar kuɗi a Disambar 2011 sai zanga-zanga ta ɓarke, a 2013 kuma gwamnatin jihar ta saye yarjejeniyar.

Ba ma sai mun je nesa ba. Lokacin da aka ware hekta 12,000 domin noman rake a Gagarawa da Sule Tankarkar da maƙwabtansu, manoma sun daɗe suna koke kan diyya da rashin tuntuɓa. Titi ma gonaki yake ci, kuma wanda aka auna gonarsa bai sani ba, ba zai yi shiru ba. Ni a ganina, watannin da ake ɓatawa wajen bayani sun fi arha a kan shekarun shari'a.

Don haka duk ranar da aka zo da maganar miƙa hanyar Maigatari ga kamfani, hakimai da ƙungiyar direbobi da dillalan kara su nemi a karanta musu yarjejeniyar da Hausa: shekara nawa, nawa tirela za ta biya, nawa ne diyyar gona.